Yadda Ake Wanke Da Gyara Makullin Wuƙa Mai Maɓalli

Wuƙa mai naɗewa, irin wadda ake danna maɓalli ruwanta ya buɗe, ba daga kaifi take fara lalacewa ba, daga maɓallin ne. Yau ka danna ya yi tauri, gobe ya shige ya ƙi dawowa, jibi ruwan wuƙar ya fito rabi ya tsaya. A nan Bauchi dalilin ba ya wuce biyu: ƙurar hunturu da ke shiga kowace kafa ta haɗu da mai ta zama laka, sai kuma laimar damina da ke kawo tsatsa. Yawancin waɗanda ake kawo mini a teburina na gyaran kwaɗo da yankan makulli, ba abin da ya karye a cikinsu. Wanki suke so da ɗigon mai a inda ya dace. Sai dai wankin nasu da ƙa'ida, domin abin da ke ƙarƙashin maɓallin wuƙar da aka ƙera shekara 70 da suka wuce daban yake da na wadda aka ƙera bana, kuma dabarar da ke gyara wannan ita ce ke kashe waccan.

Magana ɗaya kafin mu taɓa kayan aiki. Wannan bayani na masu amfani da wuƙa a sana'a ne: mai gyaran lantarki, mai yanke igiya da bakin buhu a kasuwar Muda Lawal, manomi, da wanda ya gaji ta mahaifinsa yana son ya adana. Duk ɗan Bauchi ya san abin da rikicin 'yan daba na sara-suka ya jawo wa garin nan, kuma jami'an tsaro ba sa wasa da wanda aka samu da wuƙa a jikinsa a titi ko wurin taro. Muhallinta akwatin kayan aiki ne ko gida. Yaro kuwa, ko kusa da ita kada ya zo.

Kayan da za ka tanada

Na farko sukudireba mai bakin tauraro. Lamba T6 da T8 su ne suka fi aiki, wani lokaci T10. Za ka samu a cikin saitin da masu gyaran waya ke amfani da shi, kuma in ka zagaya wajen Wunti ba za ka rasa ba. Ka duba bakinsa da kyau kafin ka biya. Wanda ƙarfensa ke da laushi shi ne ke cinye kan sukuru, kuma sukurun da kansa ya cinye ya fi maɓallin da ya maƙale wahala.

Sauran kayan su ne:

Faranti mai zurfi da farin ƙyalle da za ka shimfiɗa a ciki.
Tsohon buroshin goge baki, tsinken sakace da auduga.
Kananzir kaɗan a gwangwanin madara, da sipirit na kemis.
Man keken ɗinki, irin na teloli.
Tef ɗin masu lantarki da guntun kwali.
Hantsaki, fensir, da sanfefa mai laushi ƙwarai, lamba 1000 ko sama.
Tabarau, ko na hawa babur ne.
Wayarka, domin ɗaukar hoto.

In babu man keke, farin man nan da ake kira likwid farafin a kemis ya yi, kuma shi ya fi dacewa ma ga wuƙar da ake fere mangwaro ko rake da ita. Amma man gyaɗa, manja da man shanu, kada ka kuskura. Ranar farko za su yi santsi, bayan 'yan makonni su daskare su yi danƙo, maɓallin ya fi da maƙalewa. Baƙin mai na inji da giris sun yi kauri, ƙura suke tarawa. Man feshin nan na gwangwani, WD-40, yana wanki da kyau, amma ba ya daɗewa a matsayin mai. In ka wanke da shi, sai ka bi da man keke.

Mataki na 1: Rufe kaifin

Buɗe wuƙar tana kallon gefe, ba fuskarka ba, ba cinyarka ba. Ninka kwali a kan kaifin tun daga gindi har tsini, ka naɗe da tef. Ka bar gindin ruwan kawai a buɗe, wurin da yake juyawa, domin nan aikin yake. Idan ta ƙi buɗewa gaba ɗaya, kada ka cusa wata wuƙa ka ɓamɓaro ta. Ɗiga kananzir a gefen maɓallin da kan ƙusar tsakiya, ka ajiye ta kamar minti 15, sannan ka danna maɓallin da babban yatsa kana jan bayan ruwan da ƙyalle a hankali. Yatsunka su kauce daga hanyar fitowarsa, domin yana iya saki farat ɗaya.

Mataki na 2: Gane irin makullin da ke hannunka

Nan ne zan daɗe, domin wanda ya gane wannan ya ci rabin aikin. Dubi jikin mariƙin. In ka ga kawunan ƙusoshin tagulla da aka dandaƙe sun yi sumul, babu ramin sukudireba, tsohon tsari ne, ba a kwance shi. In ka ga sukurori, sabon tsari ne.

Wuƙaƙe masu buɗe kansu da sifirin sun daɗe a Turai. Maƙeran Sheffield a Ingila suna yin su tun wajen shekarun 1840, na Faransa ma haka. Amma maɓallin da muka sani a yau daga wani maƙerin injuna na New York ya bunƙasa, George Schrade. A 1892 ya fara yin rajistar ƙirarsa, a 1893 ya kafa kamfanin New York Press Button Knife. A wuƙaƙensa na farko maɓallin yana kan ƙarfen wuyan mariƙi ne. Ya kafa Schrade Cutlery a garin Walden a 1904, kuma a tsakanin 1906 da 1907 ya fito da tsarin da ya mayar da maɓallin gefen mariƙi, ya sa masa 'yar sakata da ake turawa ta tokare shi. Dalilin sakatar a fili yake: maɓallin da ya tsaya tsuru a waje yana dannuwa a cikin aljihu. Manoma, mafarauta da mata masu ɗinki aka yi wa tallar waɗannan wuƙaƙe, domin ana buɗe su da hannu ɗaya ba tare da karya farce ba. A cikinsu akwai sifirin mai faɗi, wato ɗan siririn ƙarfe mai lanƙwasa da ruwan wuƙar ke dannewa in an rufe, shi kuma ya harba shi in an saki. Wannan shi ne tsari na farko.

Na biyu su ne 'yan Italiya, dogaye sirara, da ake ƙerawa a garuruwa irin su Maniago da Frosolone. Sojojin Amurka suka yi ta komawa gida da su bayan Yaƙin Duniya na Biyu, suka cika kasuwa a shekarun 1950. Yawancin na arha da ke zuwa mana daga Asiya a yau kwaikwayon wannan tsari ne, saboda haka ka fahimce shi da kyau. Maɓallin yana zaune a kan ƙarshen wani ɗan ƙarfe mai lilo da ke kwance ƙarƙashin murfin mariƙi. A ɗaya ƙarshen akwai ɗan haƙori da ke shiga wani rami a gindin ruwan wuƙar in tana rufe. Ka danna nan, can ya ɗaga, haƙorin ya fita, sifirin ya harba. Maɓallin buɗewa kawai yake yi. Abin da ke riƙe ruwan in ya buɗe wani ƙarfe ne daban a bayan wuƙar, mai kunne da huda, wanda ke faɗawa kan ɗan ƙullutun da ke gindin ruwan. A tsofaffin, da farce ake ɗaga wannan kunnen kafin a rufe. Daga wajen ƙarshen shekarun 1950 zuwa farkon 1960 aka koma sa ƙarfen wuya mai juyawa: ka tura shi gefe, shi ya ɗaga maka kunnen. Na sha ganin waɗanda aka lalata domin mai ita ya yi ta danna maɓalli da ƙarfi yana son rufewa, alhali ba nan ake rufe ta ba.

Na uku na Jamus ne, daga Solingen, waɗanda mafarauta suka fi riƙa. Su ba maɓalli gare su ba, ɗan harshe ne na ƙarfe da ke kwance a jikin mariƙi. In yana kwance, wuƙar a kulle take. Sai ka ɗaga shi ka juyo, sannan ka danna. Da shi ake buɗewa, da shi ake rufewa. A ganina wannan ya fi duk tsofaffin hikima, domin abin dannawar shi ne sakatar kansa.

A 1958 Amurka ta kafa dokar da ta hana shigo da irin waɗannan wuƙaƙe da kasuwancinsu tsakanin jihohi, Birtaniya ta biyo baya a 1959. Ƙira ta ja baya a Amurka na tsawon shekaru, sai 'yan kaɗan da ake yi wa soja. Da ta farfaɗo a shekarun 1980 da 1990, sai ta dawo da sabon ciki. Injuna masu aiki da kwamfuta suka riƙa sassaƙa mariƙi daga alminiyam, sukurori suka maye gurbin ƙusoshin tagulla, sifirin mai faɗi ya ba da wuri ga mai naɗi da ke zagaye da ƙusar tsakiya. Maɓallin kansa ya zama makulli. Siffarsa irin ta kalangu ce: kauri a ƙarshe, sirantaka a ƙugu. A gindin ruwan wuƙar an yanke gurbi biyu, ɗaya na rufe, ɗaya na buɗe. Wani ɗan mitsitsin sifirin yana tura maɓallin sama, sai wurin mai kauri ya cika gurbin ya riƙe. In ka danna, ƙugun ya zo daidai da ruwan, sai ya samu hanya ya wuce. Wannan shi ne na huɗu. A 'yan shekarun nan kamfanoni da yawa suna sa irin wannan maɓalli a wuƙaƙen da ba su da sifirin harbi ko kaɗan, da hannu ake buɗe su, maɓallin kulle kawai yake yi. Gyaransu iri ɗaya ne, har ya fi sauƙi.

Na biyar su ne masu fitowa ta gaba, waɗanda ake tura wani maɗanni gaba ruwan ya fito ta bakin mariƙi, a ja shi baya ya koma. Kamfanin Microtech na Amurka, wanda aka kafa a 1994, yana cikin waɗanda suka yi suna da su. Waɗannan sun fi kowa tsoron ƙura.

In kuwa taka irin Okapi ce mai zobe a baya, wadda aka fara ƙerawa a Solingen a 1902 kafin aikin ya koma Afirka ta Kudu a 1988, ba ta da maɓalli. Mataki na 3 da na 6 kaɗai take bukata.

Mataki na 3: Wanki ba tare da kwancewa ba

Kowace iri da wannan za ka fara, kuma sau da yawa a nan aikin ke ƙarewa. Fara da busasshen buroshi. Kakkaɓe cikin kwarin da ruwan ke kwanciya, ka bi lungunan da tsinken sakace. Za ka ga abin da ke fitowa: zaren aljihu da ya dunƙule ya yi baƙi, ɓawon gyaɗa, yashi ja. Sau da yawa ɗan dunƙulen da bai kai ƙwayar gero ba ne ke zaune a cikin ramin da haƙori ke shiga, shi ya hana ta kullewa.

Daga nan jiƙa buroshin da kananzir ka goge gindin ruwan, gefen maɓallin da sakata. Danna maɓallin ka saki sau da yawa, kana motsa ruwan gaba da baya da hannu. Baƙin ruwa zai riƙa tsattsafowa. Goge, ka sake, har ya fito fari. Hura iska da famfon keke ko na ƙwallo. Kada ka hura da baki, tururin numfashi laima ne. Ka ƙarasa da sipirit domin ya kwashe ragowar kananzir ya bushe da wuri.

Hattara da mariƙin. In na ƙaho ne, ko katako, ko ƙashi, kada ka tsoma shi cikin komai. Ƙaho yana shan ruwa ya kumbura, ya bushe ya tsage, kuma iskar hunturu ma kaɗai tana sa shi ya janye daga ƙarfe. Wasu tsofaffin na Amurka kuma da wata tsohuwar roba aka yi musu murfi, seluloyid, mai kama da ƙaho ko lu'ulu'u. Sipirit yana ɓata ta, wuta tana kama ta nan take, kuma in ta fara ruɓewa tana fitar da iskar da ke sa ƙarfen kusa da ita tsatsa. In ka ga tsatsa ta bi daidai inda ruwan ke fuskantar murfin, ga murfin ya janye ya tsattsage, ware wannan wuƙa daga sauran kayanka. Fetur kuwa ban yarda da shi a kan kowace iri ba: yana cin roba, ga hatsarin gobara.

Mai fitowa ta gaba, ɗiga sipirit ta bakinta, ka girgiza, ka kifa ta ya zube, ka hura iska. In ruwan ya saki yana yawo, bai fita ba bai koma ba, ba karyewa ta yi ba. Haka aka ƙera ta: in ta ci karo da wani abu a hanya sai ta saki. Kama ruwan da ƙyalle ta gefe biyu masu faɗi, ka ja shi waje har ka ji ƙas. Ta koma daidai.

Mataki na 4: Kwancewa, ga masu sukurori kaɗai

In bayan wanki maɓallin ya ci gaba da maƙalewa, kuma wuƙar mai sukurori ce, sai a buɗe ta. Mai ƙusoshin tagulla kuwa, bar ta. Cire su aikin mai ƙira ne, kuma wanda ya huda su da ƙusa da guduma ba ya mayar da murfin yadda yake.

Sa tabarau. Wuƙar ta kasance a buɗe, domin a buɗe ne sifirin harbi ya fi sakewa. In ka kwance ta a rufe, ruwan zai wulwulo a hannunka. Yi aikin a cikin farantin, nesa da fanka da bakin ƙofa. Kwantar da ita ɓangaren maɓalli yana sama, ka ɗauki hoto.

Fara da ƙananan sukurorin jiki, ka bar na tsakiya ƙarshe. Danna sukudireban ƙasa da ƙarfi kafin ka murɗa, ya zauna sosai a ramin. In sukuru ya ƙi motsi, galibi gam ɗin masana'anta ne a zarensa. Ɗora bakin ƙarfen soda na masu gyaran rediyo a kansa na 'yan daƙiƙoƙi, zafin zai sassauta gam ɗin. In babu, zafafa kan babbar ƙusa a garwashi ka ɗora. Kada ka kai harshen wuta kan wuƙar, zai kashe ƙarfin sifirin. In kana murɗa na tsakiya sai ka ga na bayansa ma yana juyawa, tokare na bayan da sukudireba na biyu.

Jera sukurorin a kan ƙyalle yadda ka cire su, domin tsawonsu ba ɗaya ba ne. Yanzu ɗora babban yatsa a kan gindin ruwan ka danne, ka ɗaga murfin a hankali da ɗaya hannun. Ɗauki hoto kafin ka taɓa komai. Abin da za ka gani: maɓalli a tsaye, ɗan sifirinsa a ƙarƙashi, wata gajeriyar ƙusa da ruwan ke tokara da ita in ya buɗe, washa ɗaya ko biyu ko kuma boris masu ƙananan ƙwallaye, sannan a ƙarƙashin ruwan, sifirin mai naɗi da ƙafa biyu. Ƙafa ɗaya tana cikin rami a mariƙi, ɗayar a rami a jikin ruwan. Lura da ramin da kowace ta shiga. In akwai sakata, sau da yawa tana da 'yar ƙwallon ƙarfe da wani sifirin da bai kai tsawon ƙwayar shinkafa ba. Su ne suka fi ɓata. Rufe su da yatsa, ka ɗauke da hantsaki. Wata dabara ita ce ka sa hannuwanka da wuƙar cikin farar leda babba lokacin ɗaga murfin. Duk abin da ya yi tsalle a ciki zai tsaya.

Mataki na 5: Duba kowane ɓangare

Wanke ƙananan ƙarafan a kananzir, ka goge da auduga. Naɗa auduga a tsinke ka share ramin da maɓallin ke hawa da sauka a ciki har ya yi fes. Riƙe maɓallin a haske ka juya shi. In akwai tsatsa a jikinsa, naɗa guntun sanfefa ka murza sau biyu ko uku, iyakar abin da zai kawar da jan.

Ga babban gargaɗina a duk wannan rubutu. Wurin da maɓallin ke haɗuwa da gurbin ruwan wuƙa, kada ka sa masa magagari, kada ka goge shi da dutse, kada ka ce za ka gyara masa siffa. An yanka wannan fuska da ɗan karkata kaɗan da gangan, yadda in ƙarfen ya ci da amfani, maɓallin zai ƙara hawa ya cike giɓin da kansa. Kana rage ta, ka cinye shekarun da suka rage wa wuƙar, kuma za ka samu maɓalli mai laushin dannawa wanda ba ya riƙe komai. Haka haƙorin 'yar Italiya: wanda ya goge shi domin ta yi saurin buɗewa, ya ƙera wuƙar da za ta buɗe kanta a aljihu. Ƙarfen da aka cire ba ya dawowa.

In maɓallin yana cijewa bayan an buɗe da ƙarfi, maganinsa fensir ne. Goga bakin fensir a fuskar gurbin har ta yi baƙi. Yana sa santsi ba tare da ya tara ƙura ba, kuma da amfani cizon yakan ragu.

Duba ɗan sifirin maɓalli. In ya lanƙwashe ko ya gajarce, canji yake so. Wasu suna yanko na biro ko na laita. In kaurinsa da tsawonsa sun zo daidai yana iya riƙe ka kafin ka samu na gaske, amma na biro yakan yi laushi, kuma maɓalli mai laushin sifirin makulli ne mara amana. Ya fi kyau ka ciro daga wata matacciyar wuƙa irinta, ko ka duba wurin masu gyaran kwaɗo da agogo. In babban sifirin harbi ne ya karye a mai maɓallin kalangu, cire guntayen ka haɗa ta haka. Za ta yi aiki lafiya a matsayin wadda ake buɗewa da hannu, makullinta kuma yana nan daram. Ni wannan nake ba yawancin mutane shawara, domin ga mai yanke igiya da waya babu abin da ya ragu.

Mataki na 6: Mai da haɗawa

Mai kaɗan ake so, kaɗan ƙwarai. Tsoma bakin tsinke a man keke, ka taɓa ƙusar tsakiya, ka taɓa kowane gefen washa, ka shafa ɗan kaɗan a jikin maɓalli inda yake gogar raminsa. Fuskar da ke kullewa a bar ta a bushe. Ga wadda ba a kwance ba, ɗigo ɗaya a kowane gefen gindin ruwan, ɗaya a gefen maɓalli, ka motsa, ka goge duk wanda ya fito. Mai fitowa ta gaba kuwa, da hunturu gara ka bar ta kusan a bushe. In kana ganin mai yana ƙyalli a waje, ya yi yawa.

Wajen haɗawa, bi hotunanka daga na ƙarshe zuwa na farko. Sa sifirin mai naɗi a gurbinsa, ƙafar ƙasa a raminta. Ɗora ruwan yadda ƙafar sama za ta shiga nasa ramin. A nan za ka ga ruwan ya zarce inda ya kamata ya tsaya a buɗe. Daidai ne. Juya shi a hankali ta hanyar rufewa har ya wuce wurin gajeriyar ƙusar tokare, ka riƙe, ka sa ƙusar, ka bar shi ya jingina da ita. Wannan ɗan murɗin shi ke ba shi ƙarfin kaiwa ƙarshe. In ka tsallake shi, za ta riƙa buɗewa rabi. Sa ɗan sifirin maɓalli, ka ɗora maɓallin, ka mayar da murfi. In murfin ya ƙi zama, wani abu bai shiga wurinsa ba. Kada ka matse shi da sukuru, ɗaga ka duba.

Ɗaura sukurorin jiki sama-sama tukuna, sannan na tsakiya, sannan ka dawo ka ƙarasa su ɗaya bayan ɗaya. Na tsakiya shi ke da lissafi. Ɗaure shi har ruwan ya yi nauyin motsi, sai ka riƙa sassautawa kaɗan-kaɗan, kana gwadawa, har ya buɗe sumul ba tare da yana kaɗawa hagu da dama ba. In yana yawan kwancewa da kansa, ɗiga jan farce kaɗan a zarensa ka bar shi ya kwana. Sufa gulu kuwa haramiyarsa ce: yana gangarawa cikin washa da maɓalli ya kashe su, kuma ba za ka sake kwance ta ba.

Mataki na 7: Gwaji

Kwalin yana nan a kan kaifi. Buɗe ta, ka riƙe mariƙin ta gefe da gefe yadda babu yatsa ko ɗaya a kan kwarin da ruwan ke komawa. Kama bayan ruwan ka girgiza hagu da dama. In akwai motsi, ƙara ɗaure na tsakiya kaɗan. Sannan girgiza sama da ƙasa. Ɗan motsi kaɗan a nan ba baƙon abu ba ne a 'yan Italiya da masu fitowa ta gaba, haka ƙirarsu take. A mai maɓallin kalangu kuwa bai kamata a ji shi ba.

Yanzu danna bayan ruwan da tafin hannu, kamar za ka rufe ta ba tare da taɓa maɓalli ba. Ƙara ƙarfi a hankali. Kada ta motsa. Dubi maɓallin: ya dawo sama cikakke, daidai da tsayin da yake in wuƙar tana rufe ko kusa da haka? In ya tsaya rabi, ko datti ya rage a gurbin, ko sifirinsa ya gaji. Cire kwalin, ka rufe ta, ka tura sakata, ka danna maɓallin da ƙarfi tana kallon gefe. Kada ya shige. Janye sakatar, ka buga bayan mariƙin a tafin hannunka da ke naɗe da ƙyalle mai kauri, ɓangaren da ruwan ke fitowa yana kallon waje. Kada ta buɗe kanta.

Wadda ta faɗi ɗaya daga cikin waɗannan gwaje-gwaje bayan wanki da canjin sifirin, fuskar makullinta ta cinye. Ba a cike ta da walda, ba a dandaƙa ta da guduma. Irin wannan na arha ne suka fi yi, domin ƙarfen maɓallinsu da laushi. Kada ka ci gaba da aiki da ita, kada kuma ka sayar wa wani. In ta gado ce, shafe ta da mai, ka ɗaure ta a rufe da zare, ka ajiye. In ba ta gado ba ce, cire sifirin da sukurorin ka adana domin gyaran wata, ruwan kuma ka kai wa maƙeri ya sa masa mariƙin katako da kube.

Wadda ta ci gwaji, ajiyarta ba wuya. Da hunturu ka riƙa kakkaɓe ta da busasshen buroshi duk mako, ba sai ka ƙara mai ba. Da damina ka goge ruwan da ƙyalle mai ɗan maiƙo bayan kowane aiki, musamman in ta taɓa lemo, tumatir ko jini, kuma kada ka bar ta ta kwana cikin kuben fata, domin fata tana riƙe laima. In ka samu 'yar jakar ƙwayoyin nan masu tsotse laima da ke zuwa cikin kwalin sabon takalmi ko magani, jefa ɗaya a akwatin da kake ajiye ta.